Akwai takardar da ke 'yanta gona daga haraji? Fashin baƙi kan mallakar alodiyal

Shin akwai wata takarda da mutum zai riƙe, daga ranar gonarsa da gidansa su fita daga hannun hukuma, ba haraji, ba kuɗin ƙasa, ba mai ikon ce masa tashi? Wannan tambayar ta same ni a garinmu a ƙasar Ringim, bayan an gama yankan gero. Ɗan yayana, wanda ya gama sakandare yake taya mahaifinsa noma, ya miƙo mini waya bayan sallar isha'i ya ce, "Baffa, don Allah saurari wannan." Wani Ba'amurke ne yake ta bayani cewa akwai wata irin mallaka da ake kira alodiyal, wadda in ka same ta, kai da gwamnati sai gaisuwa. Da bidiyon ya ƙare yaron ya ce, "In haka ne, ai gonarmu ta bakin fadama ta cancanta, tunda tun kakan Baba take hannunmu. A ina ake yin takardar?"

Ban ga laifinsa ba. Tun da shugaban ƙasa ya sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, aka ce za su fara aiki a Janairun 2026, ba majalisar da za ka zauna ba ka ji zancen haraji ba. Wasu na cewa za a fara auna gonaki, wasu na cewa har rumbu za a ƙirga. Mai jin tsoro kuwa duk igiyar da aka miƙo masa kamawa yake yi.

Amsar a taƙaice ita ce babu irin wannan takarda a Nijeriya, kuma a can Amurka ma ba ta yin aikin da ake jingina mata. Amma cewa "babu" kawai ba ta isa ba, domin a ƙarƙashin tambayar akwai wata damuwa ta gaske game da wane ne mai gonar da muke nomawa.

Mene ne alodiyal?

Kalmar tsohuwa ce, daga Turai ta zamanin sarakuna, kuma ma'anarta cikakkiyar dukiya, wadda babu ubangida a samanta. A wancan zamani yawancin ƙasar Turai a ƙarƙashin tsarin ubangida da bara take. Sarki ya ba babban bafade yanki bisa sharaɗin ya kawo masa mayaƙa, bafaden ya yanka wa na ƙasa da shi bisa wani sharaɗin, har a gangaro kan manomi. Kowa riƙo yake yi daga hannun na sama. A Ingila, tun da Wiliyam na Nomandi ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, doka ta ɗauki dukan ƙasa a matsayin ta sarauta, kuma har gobe a rubuce haka abin yake. Filin alodiyal shi ne wanda ya fita daga wannan sarƙa: mai shi bai karɓo daga hannun kowa ba, ba wanda ke bin sa gaisuwa a kansa.

Ke nan kalmar tana amsa tambaya ɗaya ce tak: akwai mai gida a samanka ko babu? Ba ta ce komai ba game da ikon hukuma na sa haraji. Nan ne masu bidiyon suke haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Kuɗin haya abu ne da kake ba mai fili don filinsa ne. Haraji kuwa hukuma tana karɓarsa ne don ita ke mulki, ko filin naka ne ko na aro.

Abin da ya faru a Amurka

Tsarin mulkin wasu jihohin Amurka, kamar Minesota da Wiskonsin da Akansas, ya faɗa ƙarara cewa dukan ƙasar jihar alodiyal ce. Manufarsu ita ce kada a shigo musu da tsarin ubangida irin na Turai. Duk da haka masu gidaje da gonaki a waɗannan jihohi suna biyan harajin kadara kowace shekara, wanda ya ƙi biya kuma hukuma na iya kai gidansa kasuwa. Da wannan kuɗin ake tafiyar da makarantun gwamnati da sauran ayyukan ƙananan hukumominsu.

Jihar Nebada ce ta taɓa yin abin da ya fi kusa da zancen da ake yaɗawa. A 1997 ta yi dokar da ta ba mai gida damar neman takardar alodiyal, da sharaɗin gidan da yake zaune ne a ciki, kuma babu bashin banki a kansa. Sai dai kafin a ba shi, zai zube wa baitulmalin jiha kuɗi masu yawa, a dunƙule ko kashi-kashi, waɗanda aka lissafa za su biya harajin gidan na tsawon shekarun da ake hasashen zai rayu. Wato harajin ya biya tun kafin lokacinsa ya zo. A 2005 ma jihar ta rufe karɓar sababbin masu nema.

Akwai kuma wasu mutane a can da ba su yarda da ikon gwamnati a kansu ba, sukan rubuta wa kansu takarda su kai ofishin rajista, su ce daga yau filinsu ya 'yantu daga haraji da bashin banki. Kotuna sun sha yin watsi da wannan hujja, wasu ma an ci su tara saboda ɓata wa kotu lokaci. Daga bakin irin waɗannan mutane yawancin bidiyoyin suke fitowa.

Ko a nan kusa da mu, dokar ƙasa ta Gana ta 2020 ta amince da mallakar alodiyal a matsayin mafi girman mallaka, kuma yawanci tana hannun masarautu da dangogi. Wannan bai hana majalisun gundumomi karɓar kuɗin kadara daga masu gine-gine ba.

Mu ma mun san hurumi

Da na yi wa wani dattijon unguwarmu bayanin kalmar, sai ya ce, "Wato hurumi ke nan." Ya kusa gaskiya, kuma kalmarsa ta fi ta Bature haska mana al'amarin. A da, a ƙasar Hausa sarki kan yi wa babban malami ko wani gida hurumi, a ɗauke musu kuɗin ƙasa. To amma wa ya ba da hurumin? Sarki. Wanda ya bayar kuma shi ke da ikon janyewa, ko magajinsa ya ƙi sabuntawa. Babu wanda ya taɓa tashi da safe ya yi wa kansa hurumi.

A da, gonar gado a wurinmu ba ta kasance wadda ba a biyan komai a kanta ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci na biyan wuri 2,500 na kuɗin ƙasa. Ban da wannan akwai kuɗin shuka, da kuɗin rafi na masu lambu, da kuɗin karofi na marina, da jangali a kan shanu. Alhali mutanen nan suna gadon gonakinsu, suna ba da aro, suna jingina, kuma alƙali yana raba musu su in mai gida ya rasu. Shari'a ta yarda wanda ya raya mataccen fili ya zama nasa, amma ba ta ɗauke masa zakka ba: ɗaya bisa goma a abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin a wanda aka yi wa ban ruwa da wahala, matuƙar ya kai nisabin wusuƙi 5. Ko a addini ma, cikar mallaka ba ta kore haƙƙin jama'a a cikin dukiya.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, a watan Maris kuma shugabansu Lugga ya tsaya a Sakkwato ya ce ikon ƙasa da na karɓar haraji ya dawo hannunsu. A 1910 aka yi dokar da ta sanya dukan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna, da sunan riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa. A ƙasar Kano har malaman taki aka yi, masu auna gona da taku don a yanka mata haraji. Kakanninmu sun ba mu labarin yadda lokacin haraji yake: mutum ya sayar da akuyarsa ɗaya tilo, wani ya bar garin cikin dare ya tafi cirani don kada a shanya shi a rana a ƙofar fada. Duk wanda ya ji wannan daga bakin wanda abin ya faru a kansa ba zai yi wa tsoron da ke zukatan mutanen karkara dariya ba.

Yaya aka yi harajin nan ya kau? Wannan ce gaɓar da na fi so matasanmu su riƙe. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, da Malam Aminu Kano da mabiyansa, sun shafe shekaru suna yaƙi da zaluncin da ke cikin karɓar haraji, an ɗaure su, an yi musu bulala. Da Muhammadu Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a ƙarƙashin PRP a 1979, lokacin Jigawa na cikinta, ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Ƙuri'a da haɗin kan talakawa ne suka sauke wannan kaya, aka sauke wa kowa a rana ɗaya. Ba a taɓa jin wani ya tsira shi kaɗai don ya riƙe wata takarda ta musamman ba.

Dokar 1978 ta rufe ƙofar

A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. A Kudu ta zo wa mutane da sabon abu, a Arewa kuwa kusan ci gaban dokar 1910 ce da ta Jihar Arewa ta 1962. Sashe na 1 ya danƙa dukan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, a matsayin amana domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. Abin da ni da kai za mu iya samu shi ne haƙƙin zama da amfani. In ana neman mai alodiyal a Jigawa ko Kano, to kujerar gwamna ce, ita ma a matsayin mai riƙon amana.

Haƙƙin nan iri biyu ne. Akwai wanda gwamna ke bayarwa, mai satifiket ɗin da ake kira C of O, yawanci na shekara 99, kuma shi ke ɗauke da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Akwai na gargajiya, wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, in ya wuce haka sai da yardar gwamna. Manomin da dokar ta tarar yana noma gonarsa kuwa, sashe na 36 ya ɗauke shi tamkar wanda aka riga aka ba haƙƙin gargajiya, ko da ba shi da ko ƙyallen takarda. Mafi yawan gonakinmu na gado a nan suke.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗaure dokar a sashe na 315, ta yadda ba a iya taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa. Don haka ba sakataren ƙaramar hukuma, ba jami'in ma'aikatar ƙasa, ba lauya, ba gwamnan ma kansa da zai iya ba ka mallakar da ta fi ƙarfin wannan doka. Duk wanda ya zo da hatimi da tambari ya ce kawo kuɗi kaza a yi maka takardar 'yanta gona, ɗan damfara ne, ko da a ofis ka same shi.

To me ake biya a ƙauye?

Manomin da ke noma gonar gado a ƙauyen Ringim ko Taura ko Gabasawa, wanda bai yi mata satifiket ɗin gwamna ba, a yau babu mai aiko masa takardar harajin gona duk shekara. Abin da ke cin aljihunsa a wani wuri yake: kuɗin da ake karɓa a kan kowane buhu a kasuwa, kuɗin kara in ya kai dabba Maigatari ranar Alhamis, shingayen hanya, da kuɗin ruwa ga masu noman rani a filayen madatsun ruwa. Ko da alodiyal ta tabbata, babu ɗaya daga cikin waɗannan da za ta taɓa, domin ba a kan ƙasa aka ɗora su ba.

Harajin gida kuwa tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidaje, a kan ƙimar da majalisar dokokin jiha ta yanke. Ke nan maganar harajin gida da fili a Dutse da Kano ake yanke ta. Sabuwar dokar tarayya da ake ta tsoro, a ɓangaren da ya shafi ɗaiɗaikun mutane, a kan kuɗin shiga take magana, kuma ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara.

Wannan ba ya nufin a saki jiki. Sashe na 3 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni. Ƙauyukan da ke gefen Kano, ta wajen Kumbotso da Ungogo da Dawakin Kudu, sun ga yadda gonar dawa ke wayar gari ta zama fulotai. Daga ranar da aka ayyana wuri, ikonsa ya bar ƙaramar hukuma ya koma hannun jiha, zancen kuɗin ƙasa kuma ya shigo.

Ɓuya ko rajista?

A nan mutanen garinmu suka rabu biyu, kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Masu cewa a ɓuya suna cewa duk gonar da ta shiga littafin gwamnati ta shiga ke nan, yau kyauta, gobe a yanka mata kuɗi, jibi a ninka. Suna ƙarawa da cewa neman takardar kansa wahala ne: kuɗin safiyo, zirga-zirga, da jiran watanni. Kuma gaskiya ne cewa mai satifiket ɗin gwamna da ya daina biyan kuɗin ƙasa ya karya sharaɗi, doka ta ba da damar a soke haƙƙinsa. Ba na raina wannan hujja.

Sai dai ni na fi jin tsoron ɗaya gefen, saboda abin da idona ya gani. Shekarun baya wani aiki ya ratsa ta gonakin wasu 'yan'uwanmu. Ranar da masu ƙiyasta diyya suka zo, gonar da magada bakwai ke nomawa ba ta da ko takardar rabon gado, maƙwabci ya ce iyakar ba nan take ba, wanda ya san iyakar kuma ya rasu. Kafin a gama rigima an rufe lissafi. Ba haraji ne ya cinye wannan gona ba.

Doka ta ba gwamna ikon soke haƙƙin kowa saboda buƙatar jama'a, a sashe na 28. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sashe na 29, mai maganar diyya. Ana biyan gini, da amfanin gona, da itatuwa, da aikin da aka zuba kamar rijiya ko magudanar ruwa. Ita ƙasar kanta kuwa, abin da aka tanada shi ne kwatankwacin kuɗin hayar da mai ita ya biya wa hukuma a shekarar da aka karɓe, in ya biya. Manomin gado bai biya komai ba, don haka a lissafin doka ƙasar da ta ciyar da gidansu shekara ɗari ba ta da farashi. In aka zo da rani, gona ba shuka, sai a ƙirga kuka da ɗorawa da mangwaro a tafi. Wannan a ganina zalunci ne da aka rubuta shi a doka, kuma ya fi kowane harajin gida haɗari ga mutumin karkara. Rikicin Bakolori na 1980, inda aka kashe manoma masu neman haƙƙinsu, a kan diyyar gonaki ya tashi.

Akwai wani tanadi da mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 6 ya ce in ƙaramar hukuma ta karɓe gonar da ake nomawa a ƙarƙashin haƙƙin gargajiya, wajibi ne ta ba mai ita wata gonar a madadinta. Doka ta kuma wajabta a ba mutum sanarwa kafin a soke haƙƙinsa. Amma wa za a ba sanarwar, wa za a ba madadin, in ba a san sunan mai gonar ba? Wanda ya ɓuya daga mai karɓar haraji ya ɓuya daga mai biyan diyya.

Haka ma cinikin gona da muke yi a zaure, da shaidar mai unguwa da dagaci. Yana da amfani ƙwarai, kotu ma tana sauraron irin waɗannan shaidu, amma dokar 1978 ta ɗaure sayar da haƙƙin gargajiya da yardar hukuma, ta kuma tsananta a kan yanka gonar gado a mayar da ita fulotai. Masu sayen awon igiya a gefen gari su ne suka fi faɗawa wannan rami.

Abin da ya kamata a nema

In da ƙarfin da matasa ke sawa wajen neman takardar da babu ita za a juya shi, akwai abubuwan da 'yan majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomi ke da ikon yi tun yanzu. A sauƙaƙa takardar haƙƙin gargajiya, a kafe kuɗinta a bangon sakatariya kowa ya gani. A rubuta a dokar jiha cewa ƙaramar gonar da iyali ke ci daga gare ta ba za a ɗora mata kuɗin shekara ba, don mutane su daina gudun rajista. Gyaran sashen diyya ya fi wuya tunda sai an bi ta tsarin mulki, amma jiha na iya ɗaga ƙimar da take biya a kan amfanin gona da itatuwa ba tare da jiran Abuja ba. Irin wannan ne hurumin da zai yiwu a zamaninmu, kuma daga majalisa zai fito, kamar yadda na 1979 ya fito daga akwatin zaɓe.

Da na gama yi wa ɗan yayana wannan bayani ya yi shiru, sannan ya ce, "To Baffa, ita gonar fadamar, me muke da shi a rubuce?" Muka tambayi mahaifinsa. Babu komai, sai sanin dattawa biyu da suka halarci rabon gadon kakanmu, ɗaya ma ba ya iya fita sai an riƙe shi. Washegari da hantsi yaron ya ɗauki littafi da biro, muka ɗauko mai unguwa da maƙwabtan gonar ta gabas da ta arewa, aka ɗora dattijon a kan babur. Ya nuna iyakar daga tushen gawo zuwa layin gamba, aka rubuta, kowa ya sa hannu, wanda bai iya boko ba ya rubuta sunansa da ajami. Takardar tana wurin dagaci yanzu, in ya buga hatimi za a kai ta sashen ƙasa na ƙaramar hukuma.